Faifan da Ya Tona Asirin Yahaya

Yahaya maƙwabcinmu ne a Madarumfa, ƙato mai lafiya amma malalaci. Ubansa ya bar masa garka a bakin tabki, ya bari ciyawa ta cinye ta. Ashe tabar wiwi yake sayarwa ta Watsap, da lambar Najeriya da sunan ƙarya. Ya ɗauka waya ta ɓoye shi.

Ɗana Mansur ɗan kabu-kabu ne, yana ɗaukar fasinja a moto, wato babur. Ya sayi tabar nan, ashe an gauraya ta da wani magani. Ya sha, ya hau moto, kansa ya juya a hanyar Ɗan Issa, ya faɗa ƙarƙashin babbar mota. A rufe aka kawo mini shi. Har Yahaya ya zo gaisuwa, ya zauna a kan tabarmata yana cewa Allah ya jiƙansa.

Bayan sadakar bakwai, yayar Mansur, Firdausi, ta buɗe wayarsa. Ta nuna mini hoton da mai tabar ya turo masa, busasshen ganye ne a kan faifai. Ni ban kalli ganyen ba, faifan na ƙura wa ido. Ja da baƙi ne, sai gefe guda kore, inda jar kabata ta ƙare na cike da koriya. Ni na saƙa shi, na kai wa Bushira matar Yahaya gudummawar aure.

Na shiga gidansu na ce, "Bushira, ina faifan nan nawa?"

Ta ce, "Inna, maigida ya ɗauka, wai zogale yake shanyawa."

Na ce, "Zogale? Mutumin da bai taɓa ɗaga guga ba?"

Na miƙa mata hoton. Ta daɗe tana kallo, ta share hawaye, ta shiga ɗaki ta fito da faifan yana warin taba. Ta ce, "Mu je wurin jandarmomi, Inna. Ni zan riƙe faifan."

Da jandarmomi suka zo suka kama Yahaya za su tafi da shi, ya ce, "Inna, ki rufa mini asiri, ni ma ɗanki ne."

Na ce, "Ɗana yana maƙabarta."

Yanzu Yahaya yana ɗaure a kaso, lambar ta mutu, abokan Mansur sun farka. Bushira ta nome garkar, bana har tumatir ta aiko mini.

Darasin shi ne, duk wanda ya guji guminsa ya koma sayar da guba, ya sani waya ba ta ɓoye mugu. Ku kuma samari, abin da ba ku san hannun da ya haɗa shi ba, kada ku kai shi baki.