Kwalbar da Aka Cika a Idon Ruwa

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a nan arewacin Michigan. Ba zan kama sunansa ba, don wasunku sun sha kofi a gidansa. Aikinsa gwada ruwa. In kamfani zai saki ruwan aikinsa a rafi, shi ake kira ya auna, kuma abin da ya sa wa hannu hukuma ba ta ja.

Mutumin nan ba mashayi ba ne, ba mazinaci ba. Abu ɗaya ya ƙudurta a ransa: sai an sake buɗe tsohuwar mahaƙar tagulla ta bayan gari, don 'ya'yansa maza biyu da rashin aiki ya kora Detroit su dawo gida. Akwai laifi a wannan buri? Babu.

To amma kun san ruwanmu. Bisa dutse yake kwance, garau, babu farar ƙasa a cikinsa. A ruwan da ke da farar ƙasa, tagulla takan rage dafi. A namu kuwa babu abin da ke tare ta, 'yar kaɗan ta isa ta toshe wa kifi numfashi. Shi ya fi kowa sanin haka. Ya auna rafin da mahaƙar za ta saki ruwanta a ciki, wanda ke shiga tafkinmu, ya ga ba zai ɗauki tagullar ba. Ya sake aunawa, amsa ba ta canza ba.

Sai ya tuna da wani idon ruwa da ke fitowa daga cikin farar ƙasa, can gefen rafin. Nan ya je ya cika kwalabensa, ya rubuta sunan rafin a jikinsu.

Yana cikin yi sai ga tsoho Toivo, maƙwabcinsa mai bandar kifi, ya biyo hanya da karensa.

"Yaro, rafi ya ƙaura ne ban sani ba?"

"Baba Toivo, ruwa duk ruwa ne."

"In haka ne, me ya sa ka keto daji ka zo nan?"

Ya kwashi kwalabensa ya wuce. A gida matarsa Marlys ta ga canji a fuskarsa, ta ce, "Baban yara, in abin ba daidai ba ne, ka bari. Yaran sun saba da can." Ya ce, "Na riga na gama magana. Za su dawo."

Suka kuwa dawo. Aka buɗe mahaƙa, aka yi liyafa a zauren gari, aka tafa masa.

Hunturu ya wuce. Da ƙanƙara ta narke, ruwa ya kwaso tagulla ya gangaro. Ƙananan kifi ne suka fara tasowa ciki sama, manya suka biyo. Wari ya hana mutane buɗe taga. Hukuma ta aiko wata mata ta auna rafin na gaskiya, ta kwatanta da rahotonsa. Aka tambayi Toivo abin da ya gani, ya faɗa, yana kallon ƙasa.

Aka karɓe lasisin mai gwada ruwan, aka kai shi kotu, aka rufe mahaƙa. Babban ɗansa ya loda kaya a mota, ya ce masa, "Baba, da sunanmu ka yi wannan?" Ƙaramin ko sallama bai yi ba. Marlys ta koma wurin yayarta. Gidan yana nan bakin tafki, ba mai shiga.

Ya 'yan uwa, shaidar zur ba sai da baki ba. Da kwalba ma ana yin ta, da sa hannu ana yin ta. Son 'ya'yanka ba ya mai da ƙarya gaskiya. Wanda ya halicci ruwan nan ya san abin da zai iya ɗauka, kuma ba ya duba rahoton kowa.

Kowannenmu akwai abin da aka ba shi amanar aunawa. Gobe in ka je wurin aikinka, ka faɗi abin da ka gani, ko da zai hana ka abin da ka fi so.

Allah ya kiyaye hannayenmu daga sa wa ƙarya hannu, ya ba mu ƙarfin tsayawa a kan gaskiya ranar da take da tsada. Amin.