Fartanyar da Ta Kulle Bakin Sarki Jatau

A zamanin da hatsi ke kwana a gona ba mai tsaro, an yi Sarki Jatau na Kwarin Gawo, ɗan Barmo manomi, adali mai kyauta, amma mai mantuwa. Ranar da aka naɗa shi ya wurgar da fartanyar ubansa bayan rumbu. Bayan shekara ashirin ya taka ta ba takalmi, sarƙe-haƙora ta kama shi, muƙamuƙi ya sandare ƙam, ko ruwa sai an ɗiga ta giɓi. Masu magani suka ce kwana bakwai ya rage masa.

Yayarsa Talle, tsohuwa mai tsiwa mai tausayi, ta ci ɗamara, ta ratsa dazuka uku da kogin narkakkiyar dalma, har Birnin Tsatsa mai jajayen ganuwa, inda kurwar kowane ƙarfen da aka wulaƙanta take komawa.

Ta durƙusa gaban sarkin aljanun birnin. "Ranka ya daɗe, ja mai cin baƙin ƙarfe, bakin ƙanena na zo fansa."

Ya ce, "Tsohuwa, wadda ta ciyar da shi ya yasar, ita ta hana shi ci. Ga fartanya dubu saba'in, fitar da ita."

Ai kuwa ɗan gida ba a nuna masa hanyar rumbu! Barmo bahago ne. Talle ta bi ƙota-ƙota tana shafawa har ta ji wadda ta lotsa ta hagu, sai ga ƙanshin ƙasar shuka da furar da take kai masa gona. Kewa ta kama ta, ta yi kuka.

Aljani ya ce, "Kin ci. Amma bar mini waƙar da ubanki yake yi bisa kunyar gona." Ta ba shi, nan take waƙar ta goge daga ranta.

Rana ta bakwai ta iso fada, ta goge fartanyar da man shanu, ta ɗora wa Jatau a cinya. Haƙora suka saki. Kafin ya nemi ruwa, da dusasshiyar murya ya rera waƙar Barmo.

Talle ta share hawaye ta ce, "Kai, wannan waƙa da daɗi! Ta wa ce?"

Sarki ya sauko daga karaga, ya zauna ƙasa kusa da ita. "Ta Baba ce, Yaya. Bari in koya miki."

Allah Ya jiƙan magabata.