Hankaka da Dokar Ɗaga Kai

An yi wani Hankaka a bakin wani tafki, wanda ya ce tun da aka kafa duniya ba a taɓa zaluntar kowa kamar yadda aka zalunce shi ba. Me aka yi masa? Wata Gada ce ta zo shan ruwa da hantsi, ta taka taɓo, ɗigo uku suka fantsama a farin ƙirjinsa. Ɗigo uku cur. Shi kuwa ƙirjin nan safe da yamma yake duba shi a ruwa, yana gyara gashinsa ɗaya bayan ɗaya.

"Ke makauniya ce?" in ji Hankaka. "Kin san ƙirjin wa kika ɓata?"

"Yi haƙuri, Malam," in ji Gada. "Ga ruwa nan a gabanka, wanke mana." Ta yi gaba abinta.

Wannan "wanke mana" ta fi taɓon yi masa ciwo. Amma ba shi da ƙarfin dukan Gada, sai ya hau tsamiya yana ƙunci, yana kallon masu shan ruwa. Can ya lura da wani abu. Tsuntsu in ya kurɓa sai ya ɗaga kai sama, don ruwan ya gangara masa maƙogwaro. Masu ƙafa huɗu kuwa kafa baki suke yi su zuƙa har su ƙoshi. Hankaka ya san dalili sarai, amma ya yi murmushi.

Ya tashi sai wurin Shaho. Shaho mai zafin zuciya ne, kuma abin da ya ɗauka gaskiya ne ba ya wasa da shi.

"Ranka ya daɗe, ni fa tsoro nake ji," in ji Hankaka. "Ka ga yadda tafkin nan ke ja da baya?"

"Rani ne. Kowace shekara haka yake yi."

"Na bana daban ne. Mu tsuntsaye in mun kurɓa, muna ɗaga kai mu gode wa Mahalicci. Masu ƙafa huɗun nan fa? Ka taɓa ganin ɗayansu ya ɗaga kai ko sau ɗaya? Kana ganin za a ci gaba da ba mu ruwa muna sha da marasa godiya?"

Shaho ya ce, "Ashe godiya muke yi?"

"Tun kaka da kakanni, ranka ya daɗe."

Kafin azahar Shaho ya tara tsuntsaye, aka kafa doka: wanda ba ya ɗaga kai ba zai sha ruwan tafki ba. Da labari ya kai wa Ɓauna, babban masu ƙafa huɗu, sai ya ce sunkuyar da kai shi ne ladabi a gaban Mahalicci, masu ɗaga kai kuwa girman kai ke damun su. Kowane ɓangare ya ce shi ne a kan gaskiya, kuma a shirye yake ya mutu a kanta.

Aka fara yaƙi. Shaho da dakarunsa suka riƙa surar 'ya'yan zomaye. Birai suka riƙa hawa itatuwa suna fasa ƙwai a sheƙa. Balbelar da ta shekara ashirin tana cire wa Ɓauna kaska ta sauka daga bayansa ba ko sallama. Aka jawo ƙaya aka raba tafkin biyu, gabas na tsuntsaye, yamma na dabbobi. Iyaye suka hana 'ya'yansu yin nisa. A kwana na tara Ɓauna ya tattake babban ɗan Shaho a bakin ruwa.

Ita kuwa Gada, tun a rana ta biyu ta ga rigima ta yi yawa, ta koma wani tafkin. Ko sanin dominta aka fara ba ta yi ba. Wannan ma Hankaka ya lissafa shi cikin zaluncin da aka yi masa.

Bayan mutuwar ɗansa Shaho ya daina dariya. Ya ce akwai munafukai a cikin tsuntsaye, don haka kowa zai riƙa shan ruwa a gabansa, ɗaya bayan ɗaya. Da layi ya zo kan Kurciya, maƙwabciyar Hankaka, wata mai sanyin hali, sai ta kafa baki ta zuƙa kamar yadda danginta ke yi tun asali. Ba ta ɗaga kai ba.

Duk tsuntsaye suka zuba mata ido.

"Baba Hankaka, gaya musu," in ji Kurciya. "Shekara nawa muna tsamiya ɗaya? Ka san haka aka halicce mu."

Hankaka ya ji idon Shaho a kansa. Ya ce, "Ni dai ban taɓa lura ba."

Aka fige mata gashin wuya, aka kore ta da danginta kaf. Ranar nan Hankaka bai iya cin komai ba.

Bayan kwana biyu wani Biri ya wurgo dutse ta saman ƙaya, ya sami Hankaka a ƙeya. Wuyansa ya kumbura ya sandare. Ya gwada ɗaga kai a ɓoye, ya kasa. Nan ya tuna da dokar shan ruwa a gaban Shaho.

Ranar farko ya ce azumi yake yi. Rana ta biyu ya ce ya riga ya sha raɓa. Rana ta uku harshensa ya bushe kamar ɓawon itace, idonsa na ganin bibbiyu.

"Malam Hankaka," in ji Shaho a hankali, "kai ka koya mana godiya. Zo ka nuna wa yara yadda ake yi."

Tsuntsaye suka dare masa hanya. Ya taka zuwa bakin ruwa. Ya kurɓa. Ya yunƙura, wuya ya ƙi. Ruwan ya zubo ta gefen bakinsa. Ya ji Shaho ya matso, har yana jin ƙarar faratansa a kan tsakuwa.

"Ranka ya daɗe, tsaya," in ji Hankaka. "Babu wata godiya a ciki. Haɗiya ce kawai. Ni na ƙirƙiro maganar, don Gada ta ɓata mini ƙirji. A cire ƙayar nan, kowa ya sha ruwansa."

Shaho ya girgiza kai.

"Ɗana ya mutu a kan wannan magana," in ji shi. "Kana so in koma in gaya wa uwarsa a kan haɗiya ya mutu? A'a. Da can gaskiya ka faɗa. Yanzu ne kake ƙarya, don ka koma bayan masu ƙafa huɗu."

Tsuntsaye suka amsa, don kowa a cikinsu ya rasa wani. Suka yi masa caa da sara, suka jefa shi ƙetaren ƙaya. Can ma birai suka gane shi, suka bi shi da jifa. Da ƙyar ya tsira, ya faɗa bayan garin mutane, inda yake tsintar abinci a juji, yana lasar ruwan kwata.

Ƙayar kuwa tana nan. An daina faɗa, amma jikokin tsuntsaye na sha a gabas, jikokin dabbobi a yamma, kuma kowa na gaya wa 'ya'yansa cewa na wancan gefen ba su san Mahalicci ba.

Darasin wannan labari shi ne, kada ka ɗauki fushin kanka ka sa masa rigar addini. Mutane za su yarda, za su mutu a kai, kuma ranar da ka ce a daina ba mai sauraron ka. Hankaka har yau yana kan juji yana ƙorafin an zalunce shi. Amma in ka matsa masa da tambaya, sai ya waiga hagu da dama, ya rage murya ya ce, "To, ni na jawo. Duka ni ne."