Ranar da Tsofaffin Vetledal Suka Riƙe wa Halvard Igiya

Akwai wani malamin makaranta a birnin Bergen mai suna Halvard Nesheim. Matarsa Solfrid nas ce, suna da yara biyu. Na san su sosai, coci ɗaya muke zuwa. Halvard mutumin kirki ne, ba zan ɗauki alhakinsa ba, amma fa akwai ji da kai. In ya miƙe zai yi magana, sai ka rantse shi ya koya wa duniya iya zance.

Shi da matarsa suka amsa kiran aikin bishara a Madagaskar. Ƙungiyar mishan ta amince, amma da sharaɗi: kafin ƙarshen Oktoba su samo masu bi da za su ɗauki nauyin zamansu a can. In ba su samu ba, a ba wa wani iyali gurbin.

Halvard ko jira bai yi ba. Suka ajiye aiki su biyun, suka sayar da gida, suka tare a ɗakin ƙasa na gidan wani aboki.

"Halvard, anya ba mu yi gaggawa ba?" in ji Solfrid.

"Haba, ke dai akwai tsoro! Attajirin nan mai gonar kifi shi kaɗai ya ce zai biya rabin kuɗin. Sauran ai wasa ne."

Da bazara suka fara yawon ɗakunan addu'a neman masu tallafi, har suka kai Vetledal, ƙauyen su Solfrid, can ƙarshen mashigin teku tsakanin duwatsu. Tsofaffi ne kawai a ɗakin, matan na ta saƙar safa. Halvard ya haska hotuna, ya zuba jawabi har da gumi. Da ya gama, shiru. Ƙarar tsinken saƙa kawai kake ji.

Can Oddvar, kawun Solfrid kuma dattijon ɗakin addu'ar, ya miƙe da ƙyar.

"Mun ji. Gobe za mu shafa muku shuɗi."

Haka suke yi tun kakanni. Kafin a saki tumaki su hau dutse kiwo, kowane gida yakan ware ɗan rago guda a shafa masa shuɗin fenti a gadon baya. Shi ne ragon mishan. Da kaka in an sauko da su an sayar, kuɗinsa na wanda aka shafa dominsa ne. Shi kuma dole ya zo a hau dutsen da shi ranar tattarowa.

Halvard ya bushe da dariya. "Raguna? Kawu Oddvar, jirgin sama fa ba ya karɓar rago! Ni kuma wa'azi aka kira ni, ba kiwo ba. Ku dai ci gaba da yi mana addu'a, ita ce daidai ƙarfinku."

Solfrid ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Oddvar ya dube shi ya ce, "To." Ni da na daɗe cikin mutanen nan na sani, in suka ce maka "to" kawai suka zauna, gara a ce zaginka suka yi.

A Satumba cuta ta shiga gonar kifin attajirin nan, kifi suka yi ta mutuwa. Ya buga waya ya ba da haƙuri, ya ce bana kam ko kwabo ba zai iya ba.

Ba gida, ba aiki, ga sanyi na tahowa, ga mai gidan da suke ciki ya fara tambayar yaushe ne tafiyar. Halvard ya bi manyan cocin birni, kowa ya ce ya riga ya yi alkawari wani wuri. Abinci ya daina shiga. Solfrid takan shiga banɗaki ta saki famfo don kada yara su ji kukanta. Ran nan babbar 'yarsu, Tuva, ta dube shi a wurin karyawa ta ce, "Baba, in ba mu tafi ba, ina za mu koma?"

Solfrid ce ta cire kunya ta kira kawunta. Bai yi ƙorafi ba, bai kuma yi alkawarin komai ba.

"Asabar ake hawa dutse," in ji shi. "Ki ce masa ya zo da takalmin kirki."

Halvard ya je. Ya san in Vetledal ta karɓi mutum, ƙauyukan gefenta ma sukan bi sahu. In ta juya masa baya kuwa, shi ke nan, magana ta ƙare.

Tun safe suke hawa, shi da tsofaffi shida da karnukansu. Ɗan birni yana haki, dattawa na tafe suna hira.

"Malam, mu goya ka ne?" in ji Magne, wani tsoho mai bakin tsiya. "Ko sai mun kira maka jirgin da ba ya karɓar rago?"

Aka yi dariya. Halvard ya ci gaba da hawa.

Wajen azahar an tattaro garke, amma tunkiyar Borghild ba ta ciki. Borghild gwauruwa ce, tumakinta ba su fi a ƙirga da yatsu ba, ita ce kuma ta shafa wa 'ya'yan tunkiyar nan shuɗi su biyu duka.

Kare ne ya gano su. Ya tsaya a bakin wani gangare yana haushi. Halvard ya matsa ya leƙa. Dutsen ya miƙe tsaye kamar bango, can ƙasa teku baƙi ƙirin. A tsakiya akwai wani ɗan tsagi, faɗinsa bai fi benci ba. Tunkiyar ta bi ɗanyar ciyawa ta dira, 'ya'yan suka bi ta, hawowa ya gagara. Sun cinye ciyawar har ƙasa, kukan ma da ƙyar yake fita.

Oddvar ya ce, "Abu biyu ne. Ko a harbe su daga nan su huta, ko mutum ya sauka da igiya. Mu dai ƙafafunmu sun gama aiki."

Ba wanda ya kalli Halvard. Wannan rashin kallon ya fi kallo nauyi.

"An taɓa faɗawa a nan?" in ji Halvard.

"Mutum biyu, a sanina," in ji Oddvar. "Ba dole, yaro. Ba mai ganin laifinka. Ga bindiga can a bukka."

Halvard mutum ne da ko tsani ba ya son hawa. Ya so ya ce a ɗauko bindigar. Amma ya tuna matar da ta ba shi raguna biyu bayan ya yi mata dariya a bainar jama'a. Ya ce, "Ku ɗaura mini."

Suka ɗaura masa igiya a ƙirji da cinyoyi. Babu bishiya a wurin, babu abin da za a naɗa ta. Tsofaffin suka zauna a jere, kowa ya kafa dugadugansa a dutse, suka kama. Halvard ya dubi hannuwan da ransa zai rataya a kai, duk sun yamushe, wani ma yana karkarwa.

Ya juya baya ya fara sauka. Iska na kaɗa shi, gwiwa na bugun dutse, tsakuwa na zubowa ba ya jin ƙarar isarta ƙasa. Da ƙafarsa ta taɓa tsagin, sai ya ji Oddvar daga sama.

"Kwance igiyar ka ɗaura wa uwar!"

"In kwance me?"

"Igiya ɗaya ce, yaro! Kwance!"

Jama'a, kun ji tashin hankali. Ya kwance igiyar. Ya rarrashi tunkiyar ya ɗaure ta, aka janye tana shure-shure. Aka maido, ya ɗaura ɗan rago na farko, sannan na biyu. Duk wannan yana manne da dutse, ba abin da ke riƙe da shi.

Na biyun na tashi sama, hazo ya taso daga teku ya rufe ko'ina. Ko tafin hannunsa ba ya gani sosai. Ya jira igiya, shiru. Ya ƙwala kira, iska ta tafi da muryar.

A nan zuciya ta fara saƙa masa abubuwa. Sun gaji ne? Wani ya faɗi ne? Ko sun sami tumakinsu, sun ga ba gaggawa a kan mai bakin da ya raina su? Sanyi ya shige ƙashi. Ya ga fuskar Solfrid ana gaya mata labari, ya ga 'ya'yansa a ɗakin aro ba uba. Mutumin da bai taɓa rasa kalma ba, ran nan addu'arsa ba ta wuce "Yesu, ka ji tausayina" ba, ita yake ta maimaitawa yana kuka kamar yaro.

Sai wani abu ya daki kafaɗarsa. Igiya ce. Ashe maƙalewa ta yi a wani tsini, suna ta fama.

Ya ɗaura, ya girgiza ta, aka fara ja. Ya kusa rabi ke nan sai ya ji ihu daga sama, igiyar ta saki. Ya yi ƙasa fuuu, ya ƙwalla ƙara, ya sadaƙar ya mutu. Kwatsam ta tsaya cak, har sai da haƙarƙarinsa ya amsa. Yana ta lilo cikin hazo, yana jin muryar Oddvar sama-sama: "Kada wanda ya saki! Magne, tashi! Ja!"

Da suka fito da shi, ya kwanta rub da ciki ya kasa tashi. Da ya ɗago, ya ga igiyar ta yi ja da jini. Ƙafar Magne ce ta zame, igiyar ta zarce da gudu ta cikin tafukansu, su kuma suka damƙe ta a haka. Fatar hannunsu ta saɓule, su shida duka.

"Kawu, ku yafe mini," in ji Halvard. "Abin da na faɗa ran nan..."

"Bar shi," in ji Oddvar, yana naɗe hannu da hularsa. "Mu ba ma aika mutum sai mun san nauyinsa. Yanzu mun sani."

Magne ya tofar da yawu. "Nauyi kai! A ce wa Solfrid ta rage masa dankali."

Suka yi dariya, Halvard na yi yana share hawaye.

Kashegari Lahadi ɗakin addu'a ya cika, har da mutanen ƙauyukan gefe, don labari ya riga ya zaga. Oddvar ya sanar cewa muddin iyalin Nesheim suna Madagaskar, shuɗin kowace bazara nasu ne. Dattawan sauran ƙauyukan suka miƙe ɗaya bayan ɗaya suka ce su ma haka. Da wannan giɓin ya cike, tafiya ta tabbata.

Aka ce Halvard ya yi jawabi. Ya tsaya, ya buɗe baki, abin ya gagara. Sai kawai ya durƙusa, matarsa da yaransa suka durƙusa gefensa. Tsofaffin suka zo suka ɗora musu hannu don addu'ar sallama. Solfrid ta gaya mini daga baya cewa duk hannun da ya sauka a kan mijinta naɗe yake da bandeji.

Darasi: Kada ka raina masu ƙaramin ƙarfi da suka miƙo maka abin da suke da shi. Babu mai tafiya aikin Allah shi kaɗai, kuma ranar da ƙafarka ta zame, ba mai manyan alkawura ne zai tare ka ba, wanda ya yarda hannunsa ya yi jini dominka ne. In akwai wanda ya taɓa riƙe ka a irin wannan rana, tura masa labarin nan yau, ka kuma yaɗa shi ga sauran 'yan'uwa su amfana.