Injin da Aka Gwada a Kan Taya

Akwai wani manomi da yake da tsohuwar mota a-kori-kura, wadda injinta ya mutu. Ya kuwa riga ya yi wa matarsa alkawari cewa shi zai kai ƙungiyar zumuntar mata ta majami'arsu babban taro a wani ƙauye da ke kan dutse. Saboda haka ya sayo wani injin na hannu, ya kai wa taubashinsa bakanike.

Bakaniken ya ɗora injin a kan tsohuwar taya, ya haɗa masa batir da mai, ya tayar. Inji ya yi ruri har kajin maƙwabta suka watse. Manomi ya yi murna ƙwarai, ya ce, "Ka ji murya! Maza ka sa shi a mota, bawana."

Bakaniken ya ce, "Kai ma muryar gare ka, amma ban taɓa ganin ka ɗaga buhu ba. Inji a ƙasa ba ya jan kome sai kansa. Bari mu ji abin da ke cikinsa."

Ya kashe injin, ya cire fulogi duka huɗu. Ya ɗaura ma'aunin matsin iska a ramin fulogi na farko, ya taɓa wayar batir a kik, wato abin tayar da inji, inji ya juya, allurar ma'auni ta tashi sama. Haka na biyu, haka na uku. Da aka zo na huɗu, allura ta ɗan motsa, ta tsaya a ƙasa kamar mai jin barci.

Manomi ya tuna da hawan dutsen, da matan, da fuskar matarsa. Amma ya daure ya ce, "Uku lafiyayyu ba za su rufa wa ɗaya asiri ba?"

Bakaniken ya ce, "A nan za su rufa. A tsakiyar hawa kuwa, uwargida da ƙawayenta ne za su sauko su tura."

Sai ya zuba cokalin baƙin mai a ramin, ya sake gwadawa, allura ta tashi. Ya yi dariya ya ce, "Zoben fistan ne ya cinye, iska take zurarewa. Gode wa Allah injin yana ƙasa, hannu yana kai wa ko'ina." Ya buɗe injin, ya canja zobban, sa'an nan ya sa shi a mota.

Ranar taro matan suka cika mota da ganguna da tukwanen kiɗa. Motar ta hau dutsen ba tare da ko tari ba, ba wadda ta yanke waƙarta.

Ma'anar wannan misali ita ce: injin nan zuciyarka ce, ma'aunin kuwa Maganar Allah. Rurin da ya yi a ƙasa shi ne waƙarka ta ranar Lahadi, lokacin da ba ka ɗauke da nauyin kowa. Kada ka ce, "Ba na sata, ba na maye, ina zuwa sujada," alhali harshenka yana yoyo. Ubangiji ba ya yar da mai rauni, gyara shi yake yi. Amma ku miƙa kanku a gwada ku yau, tun kuna kan taya. Gama ranar hawa tana zuwa, kuma ba ku kaɗai ne a cikin motar ba.