Kwanon Asibi

Akwai wata mata a Kontagora, Turai mai waina, tun muna Jihar Arewa maso Yamma. Tana da 'ya, Asibi, mai shekara tara. Da yarinyar ta yi famfara, sai sababbin haƙoran suka fito a cushe, wani a kan wani, na sama biyu zaƙo-zaƙo.

A gidan nan kwano ɗaya yara ke sa hannu. Wata rana 'yar'uwar mijin Turai ta zo daga Rijau, ta tsaya kansu tana dariya.

"Turai, wannan 'ya ce ko gafiya? Ku ɓoye gyaɗarku!"

Turai ta taya ta dariyar. Amma tun daga ranar ta ware wa Asibi kwanonta, a bayan ɗaki.

"Ci a can, ya fi miki. In baƙi suka zo, rufe bakin nan."

Asibi ba ta da musu. Ta rufe.

To, 'ya'yana, cusassun haƙora asuwaki ba ya shiga tsakaninsu. Ɗaya ya ruɓe, dasashi ya kumbura. Tauna ta gagara. Sai Asibi ta riƙa zuba wa kaji tuwon, ta kawo kwano tas. Turai kuwa ta ce, "Yawwa, 'yar albarka."

Wata biyu ana haka. Sai da kuncin yarinyar ya taso, zazzaɓi ya kayar da ita, aka goya ta zuwa asibiti.

Malam Markus, ma'aikacin wurin, ya duba ya ɗago.

"Mama, yaushe rabonta da abinci?"

"Kullum tana cinyewa."

"Kin gani da idonki?"

Turai ba ta yi kuka ba. Ta tsaya kawai tana kallon hannun yarinyar, siriri kamar kara.

An cire haƙora uku, Asibi ta rayu. Amma ciwon ya ci ƙashi, muƙamuƙin ya riƙe, yatsa biyu kaɗai ke shiga. Har Turai ta tsufa, kowace safiya kafin ta ɗora tanda, sai ta tace wa 'yarta kunu.

Darasi: Karkataccen haƙori ba abin kunya ba ne, abin dubawa ne. Ku zauna ku ga yaranku suna ci, ku leƙa bakinsu, ku kai su asibiti da wuri. Ku tura wa wata uwar ta karanta.