Motar da Balarabe Ya Hana

Akwai wani direba a Kabo mai suna Balarabe. A shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, rayuwa ta yi tsanani, fetur ya yi wuya, kuma motarsa ce kaɗai ke tashi a unguwarsu.

Wata safiya maƙwabcinsa Zulkifli, wani manomi, ya zo da gudu ko takalmi babu.

"Malam Balarabe, ka taimaka. Matata Hajaratu ce ke zubar da jini, cikinta wata shida. Ka kai mu asibitin Gwarzo."

Balarabe ya dubi ɗan kuɗin da ke hannun Zulkifli ya girgiza kai. "Wannan ko galan ɗaya ba zai saya ba. Kwana biyu na yi a layin mai. Ka je ka ciko."

Kafin Zulkifli ya gama zagaya dangi, rana ta take. Cikin ya zube.

Da la'asar Balarabe yana wanke mota, sai ya ga Zulkifli ya wuce shi kaɗai, rungume da wani ɗan ƙunshi cikin farin ƙyalle, ya nufi maƙabarta. Ƙunshin bai kai tsawon kamu ɗaya ba. Zulkifli ya yi masa sallama kamar kullum, ya wuce.

Sallamar nan ita ta hana Balarabe sakat. Da zaginsa aka yi, da ya fi masa sauƙi. In yana tuƙi ya dubi madubi, sai ya ga kamar ƙunshin na kujerar baya. In ya ɗaga loma, sai ta ƙi wucewa. Ya rame har matarsa ta fara tambayar ko magani za a nema.

Wata Juma'a bayan an sallame, ya miƙe a ƙofar masallaci. Ya faɗi abin da ya yi, bai rage komai ba. Ya ce yana so a kafa gidauniya domin matan da suka yi ɓari: mota, jini, magani, da abincin jinya.

Wani dattijo ya ce, "Ɓari ma har da gidauniya? Ai sai ta sake wani. Mutane na neman na tuwo."

Wasu suka yi dariya. Balarabe ya cire hularsa ya bi sahu da ita. Mai goro ya jefa, mai faci ya jefa. Washegari matan Islamiyya suka aiko da gero da man gyaɗa.

Bayan wata biyu Hajaratu ta zo gidansa, ta zauna wajen matarsa, ta sa aka kira shi. Ya tsaya daga bakin ƙofa, ya kasa haɗa ido da ita.

"Ki yafe mini," ya ce.

"Na yafe, Malam. Allah ne ya rubuta." Sannan ta ce, "Namiji ne. Mun sa masa Mahbub. Kai ne na farko da na faɗa wa, don ba wanda ya tambaya. Ba wanda ya zo mini gaisuwa, sai dai 'Allah ya kawo mai albarka.' Ku kai matan asibiti. Ni ku bar mini zama da su in sun dawo."

Balarabe ya durƙusa a wurin yana kuka kamar yaro.

Tun daga ranar, duk gidan da aka yi ɓari daga Kabo har Lakwaya, Hajaratu kan je. Takan zauna a gefen tabarma, ta riƙe hannun matar, ta tambaye ta, "Wane suna kika so sa masa?"

Darasi: Ɓari rashi ne, kuma mai ɓari uwa ce da ta rasa ɗa. Kada ka jinkirta taimakon da ke hannunka, wata nadamar ba ta gogewa. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila a kusa da ku akwai wadda ke kuka ita kaɗai.